Talabijin mai doro da na bango: Wanne ya fi dacewa da wasannin bidiyo?

A ƙarshen shekarar 2007 ne cinikin shafaffen talabijin, wanda ake kafewa a bango, ya zarce na tsohon akwati mai doro a kasuwannin duniya a karon farko. Daga nan aka shiga fitar da tsofaffin akwatunan daga falo. Wasu aka tura su ɗakin ajiya, wasu aka kai wa dangi a ƙauye, wasu kuma suka ƙare a hannun ’yan gwangwan. Wurin kallon labarai da fina-finai da ƙwallo babu wanda ya yi kewarsu. A fagen wasannin bidiyo ne kawai maganar ba ta mutu ba, domin har yau akwai ’yan wasa a ƙasashe da dama da ke neman tsohon akwatin ruwa a jallo, suna cewa wasannin da suka tashi da su sun fi kyau da saurin amsawa a kansa.

Wannan magana tana da tushe a kimiyyance, amma tana da iyaka. Kowace na’urar wasa an ƙera ta ne da la’akari da talabijin na zamaninta. Na’urorin da suka fito kafin 2005 an gina su a kan mai doro, waɗanda suka biyo baya kuma a kan shafaffe. Sanin wannan iyaka zai amfani mai gidan gem da ke lissafin kuɗin fetur, da ɗan kasuwar da ke sayar da kayan lantarki, da magidancin da zai saya wa ’ya’yansa na’ura.

Yadda mai doro ke zana hoto

Doron da ke bayan tsohon talabijin mazubi ne na wata babbar kwalba ta gilashi mai kauri wadda aka zuƙe iskar cikinta. Wani masanin kimiyya Bajamushe, Karl Ferdinand Braun, shi ne ya fara ƙera irinta a 1897. A wuyan kwalbar akwai abin da ake kira bindigar lantarki, wadda ke harba ƙwayoyin lantarki zuwa fuskar gilashin. An shafe cikin fuskar da wani sinadari mai tartsatsin haske, ja da kore da shuɗi, wanda ke haskawa da zarar harbin ya same shi, ya kuma dushe nan take. Maganaɗisun da ke kewaye da wuyan kwalbar shi ke karkatar da harbin daga hagu zuwa dama, layi bayan layi, daga sama har ƙasa.

Abin lura a nan shi ne, babu wani lokaci da cikakken hoto yake tsaye a kan gilashin. Ɗan tsiri ne kawai ke haske a kowane lokaci, idon ɗan Adam ne ke haɗa shi ya zama hoto saboda saurin zanen. Haka kuma akwatin ba ya ajiye saƙon da ya shigo masa. Yadda saƙo ya fito daga wayar na’urar wasa, haka yake zarcewa kai tsaye zuwa gilashi.

Ƙasashe sun bi tsari daban-daban wajen yawan zanen. Amurka da Japan sun bi tsarin NTSC mai layi 525, inda ake zane sau 60 a kowace daƙiƙa. Nijeriya, wadda ta buɗe tashar talabijin ta farko a Ibadan a 1959, sannan ta Kaduna a 1962, ta bi tsarin PAL kamar Birtaniya, mai layi 625 da zane sau 50 a daƙiƙa. Nijar ta bi tsarin SECAM na Faransa, shi ma sau 50. Fitaccen samfuri a wannan zamani shi ne Trinitron na kamfanin Sony, wanda ya fito a 1968, aka daina ƙera shi a 2008.

Yadda shafaffe ke nuna hoto

A kasuwa ana kiran duk wani talabijin na bango da sunan filasma, amma iri uku ne mabambanta. Ainihin filasma an daina ƙera shi tun 2014, lokacin da Panasonic da Samsung da LG suka rufe layinsa. Mafi yawan waɗanda ake sayarwa yanzu LCD ne, wato allo mai fitila a bayansa da ƙananan tagogi masu buɗewa da rufewa don tace hasken. Abin da ake rubuta wa LED a kwali shi ma LCD ne, irin fitilar bayan ce kawai ta bambanta. Na uku shi ne OLED, wanda kowane ɗigo a cikinsa ke ba da haskensa da kansa, kuma LG ya fara sayar da babban samfurinsa mai inci 55 a 2013.

Dukkan ukun suna da ƙayyadadden adadin ɗige-ɗige da ba ya canzawa. Allon da ake kira 1080 yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye. Na 4K yana da 3,840 da 2,160, wato sama da ɗigo miliyan 8. Duk hoton da ya shigo da wani adadi daban, dole ƙwaƙwalwar talabijin ta karɓe shi, ta sake lissafa shi, ta shimfiɗa shi ya cika allon. Daga wannan aiki ne yawancin bambancin da ’yan wasa ke magana a kai ya samo asali.

Jinkiri tsakanin yatsa da ido

Mai kallon fim bai damu ba ko hoto ya makara da ɗan lokaci, muddin murya ta zo tare da shi. Mai wasa kuwa yana danna maɓalli ne yana jiran ya ga sakamako. Ana auna wannan jinkiri da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. A wasan da ke sauya hoto sau 60 a daƙiƙa, kowane hoto yana ɗaukar milisakan 16.7. A mai sau 50 kuma milisakan 20 ne.

Mai doro ba ya ƙara wani jinkiri nasa, in ban da lokacin da harbin ke ɗauka ya sauko daga saman gilashi zuwa ƙasa. Shafaffe kuwa, idan an bar shi a tsarin kallon fim, yakan tsaya gyara launi da goge dusashewa da ƙirƙiro hotunan tsakani don motsi ya yi santsi. Wannan na iya cin milisakan 50 zuwa sama da 100, wato hoto uku zuwa shida. A wasan faɗa irin su Street Fighter II na 1991 ko Mortal Kombat na 1992, inda wasu dabaru ke buƙatar a danna maɓalli cikin tazarar hoto biyu ko uku, wannan jinkiri ya isa ya kayar da gwani. A wasan ƙwallo ma mai wasa zai ji kamar ’yan wasansa sun yi nauyi, ya riƙa zargin hannun gem alhali laifin na talabijin ne. Wannan ne ya sa masu gasar Super Smash Bros. Melee, wasan Nintendo na 2001, suka shahara da ɗaukar tsofaffin akwatuna zuwa wuraren gasa shekaru bayan an daina ƙera su.

Sai dai masu ƙera shafaffe sun rage wannan giɓi ƙwarai. Kusan kowane talabijin na zamani yana da wani zaɓi a cikin saitinsa da aka rubuta wa Game Mode, wanda ke kashe yawancin gyare-gyaren. A samfura masu kyau jinkirin yakan sauko zuwa kimanin milisakan 10, abin da yawancin mutane ba za su ji ba. Masu iya sauya hoto sau 120 a daƙiƙa sun fi haka sauri, domin kowane hoto milisakan 8.3 kawai yake ɗauka. Da yawa daga masu ƙorafin jinkiri ba su taɓa kunna wannan zaɓi ba.

Tsabtar hoto a lokacin motsi

Bambanci na biyu yana bayyana ne idan abu yana gudu a kan allo. Da yake hasken mai doro walƙiya ce da ke dushewa nan take, ido yana ganin kowane hoto sau ɗaya a wuri ɗaya, saboda haka abin da ke gudu yana fitowa tar. Shafaffe kuwa yana riƙe kowane hoto a tsaye har sai na gaba ya zo. Idon da ke bin ƙwallo yana ci gaba da tafiya alhali hoton yana tsaye, sai gefen ƙwallon ya yi kamar an shafa shi da yatsa. Ko OLED, duk da saurin ɗige-ɗigensa, bai tsira daga wannan ba. Hanyoyin rage matsalar biyu ne: ƙara yawan hotuna a daƙiƙa, ko saka baƙin hoto tsakanin kowane hoto biyu don kwaikwayon walƙiyar mai doro, wanda kuma ke rage hasken allon.

Ita ma walƙiyar tana da nata aibin. A tsarin sau 50 wasu mutane suna ganin ƙyaftawar hoton, musamman a kan farin fili, kuma takan gajiyar da ido in an daɗe. Akwatin yana kuma fitar da wata siririyar ƙara mai kaɗawa kimanin sau 15,600 a daƙiƙa, wadda yara da matasa ke ji, manya da yawa kuma ba sa ji.

Dalilin da tsohon wasa ke muni a sabon allo

Na’urar Famicom ta Nintendo, wadda ta fito a Japan a 1983 kuma kwaikwayonta ya cika kasuwanni daga baya, tana fitar da hoto mai ɗigo 256 da 240. Mega Drive ta Sega ta 1988 takan fitar da 320 da 224. Wasanni da yawa na PlayStation ta farko, ta 1994, suna kan 320 da 240, wato ɗigo 76,800 gaba ɗaya. Allon 4K ya ninka wannan adadi fiye da sau 100.

Mai doro ba shi da ƙayyadaddun ɗige-ɗige a kwance, saboda haka yana zana layukan yadda suka zo, da ɗan baƙin layi a tsakaninsu, gefen kowane ɗigo kuma yana narkewa cikin na kusa da shi. Masu zanen wasannin sun san da haka, kuma sun yi amfani da shi. Sukan jera ɗigo masu launi biyu kusa da juna don talabijin ya gauraya su ya fitar da launi na uku da na’urar ba ta da shi. Misalin da aka fi kawowa shi ne ruwan da ke zubowa daga tsauni a wasan Sonic the Hedgehog na 1991. Ta wayar bidiyo mai kan rawaya a kan mai doro, ruwan yana fitowa garai-garai ana hango abin da ke bayansa. A kan shafaffe kuwa sai a ga tsiraran layuka a tsaye.

Akwai ƙarin matsaloli biyu. Ta farko, layi 240 ba ya shiga 1,080 daidai, domin sau huɗu da rabi ne, saboda haka sai talabijin ya yi cike-cike, hoton ya dushe. Samfura da yawa ma ba sa gane saƙon mai layi 240, suna ɗaukar sa a matsayin na tashar talabijin, su yi masa gyaran da bai dace da shi ba, jinkiri ya ƙaru. Ta biyu ita ce siffar allo. Tsohon akwati faɗinsa huɗu ne tsayinsa uku, sabon kuwa 16 da 9. Idan aka bar hoton ya cika allon, mutane sukan koma gajeru masu ƙiba, ƙwallo ta koma kamar ƙwai. Gyaran wannan yana cikin rimot: a zaɓi 4:3, a haƙura da baƙin fili a gefe biyu.

Wasannin bindiga su ne suka fi shan wahala. Bindigar wasan Duck Hunt na 1984, da ta Time Crisis a kan PlayStation, ba sa harba komai. Ido ne a bakinsu da ke karanta hasken gilashi a daidai lokacin da aka ja kunama. Da yake lissafin ya dogara ne da lokacin zanen mai doro, waɗannan bindigogi ba sa aiki a kan shafaffe.

Tsarin PAL ya bar wani tabo da ya shafi wannan yanki. Wasanni da yawa na shekarun 1980 da 1990 an tsara su ne a Japan ko Amurka a kan sau 60, aka mayar da su sau 50 ba tare da gyara ba. Sakamakon haka suna tafiya da kimanin kashi 17 cikin 100 ƙasa da saurinsu na asali, da baƙin fili a sama da ƙasa. Wanda ya haɗa na’urar Amurka ko Japan da akwatin da PAL kaɗai yake ganewa kuma, yakan ga hoto fari da baƙi ko yana birgima. Maganin wannan shi ne akwati mai karɓar tsari da yawa, irin waɗanda aka riƙa rubuta wa Multi System a gaba.

Inda shafaffe ya yi fintinkau

Daga Xbox 360 ta 2005 da PlayStation 3 ta 2006 labari ya juya. An fara tsara wasanni don allo mai layi 720 ko 1,080. Tun a 2006 masu wasan Dead Rising na kamfanin Capcom suka koka cewa rubutun cikinsa ba ya karantuwa a kan tsohon talabijin saboda ƙanƙantarsa. PlayStation 4 da Xbox One, waɗanda suka fito a 2013, ba su da ramin tsohuwar waya sam, sai HDMI. PlayStation 5 da Xbox Series X na 2020 suna iya fitar da hoton 4K, wasu wasannin ma sau 120 a daƙiƙa. Haɗa irin waɗannan da mai doro ta hanyar ƙaramin akwatin juya saƙo asara ce: sunayen ’yan ƙwallo da taswirar fili da lissafin lokaci duk za su dushe, a jefar da yawancin abin da aka biya kuɗi dominsa.

Girma ma na shafaffe ne. Mai doro mai inci 21 yakan kai kilo 20 zuwa 25, mai inci 29 kuma ya haura kilo 40. Mafi girma da Sony ya taɓa sayarwa, PVM-4300 mai inci 43, nauyinsa ya kai kimanin kilo 200. Shafaffe mai wannan girma mutum ɗaya ne ke ɗaukar sa. Sabon allo kuma ba ya karkacewa a kusurwa, ba ya canza launi idan an ajiye sifika kusa da shi, abin da maganaɗisu ke yi wa tsohon.

PlayStation 2, wadda ta fito a 2000 aka kuma sayar da sama da miliyan 150, tana tsakiya. Ita ce ta riƙe gidajen gem shekaru da dama da wasannin ƙwallo na Konami da EA. An ƙera ta ne don mai doro, kuma a nan ta fi kyau. Wanda ya zama dole ya haɗa ta da shafaffe zai fi samun hoto mai kyau da waya mai kai biyar, wato kore da shuɗi da ja na hoto da biyu na murya, a kan mai kai uku da aka saba.

Wuta, kuɗi da lafiya

Ga wanda ke sana’a da janareta ko sola, cin wuta shi ne babban lissafi. Mai doro mai inci 21 yakan ci wat 60 zuwa 100, shafaffe mai inci 32 kuma wat 30 zuwa 50. Idan aka ɗauki bambancin wat 40 a kan kowane akwati, shagon da ke da akwati biyar yana aiki awa 10 a rana zai ci ƙarin kilowat-awa 2 kullum, wato 60 a wata. Mai doro yana kuma jan wuta mai yawa a daƙiƙar da aka kunna shi, abin da kan girgiza ƙaramin janareta ko inbata. Manyan allunan 4K masu inci 55 zuwa sama su ma suna iya haura wat 100, saboda haka a duba takardar da ke bayan kowane akwati kafin a saya.

A ɓangaren juriya tsohon ya fi. Gilashinsa mai kauri ne, hannun gem da yaro ya jefa cikin fushi ba ya fasa shi. Allon shafaffe kuwa bugu ɗaya ya ishe shi, kuma kuɗin canza shi yakan kusanci na sabon talabijin. Sai dai tunda an daina ƙera kwalaben, duk wanda ke kasuwa na hannu ne da ya tsufa, haskensa na raguwa, kayan gyaransa sai an ciro daga wani mataccen akwatin. OLED shi ma yana da rauninsa: alamar da ta daɗe a wuri ɗaya, kamar allon ƙidayar ƙwallaye, tana iya barin tabo idan an shafe dubban awoyi ana wasa iri ɗaya.

Akwai haɗari biyu da ya kamata a sani. Cikin mai doro mai launi akwai wutar da ta kai kimanin bolt 25,000, kuma ragowarta na iya zama a kwalbar bayan an cire soket. Buɗe bayansa aikin mai gyara ne kawai. Na biyu, gilashin kwalbar yana ɗauke da dalma da kan kai kilo ɗaya zuwa biyu ko fiye, gwargwadon girman akwatin. Muddin kwalbar ba ta fashe ba dalmar tana kulle cikin gilashi. Idan aka farfasa ta don ciro jan ƙarfe aka watsar a bola, ƙurar da ɓaraguzan na iya gurɓata ƙasa da ruwa. Illar dalma ga yara ba baƙon labari ba ne a Arewa tun bayan abin da ya faru a ƙauyukan haƙar zinare na Jihar Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu. Akwatin da ya mutu a ajiye shi da kwalbarsa a rufe, kada a bar yara su fasa shi.

Abin da ya dace da kowace na’ura

Ga Famicom da Mega Drive da Super Nintendo da PlayStation ta farko da Nintendo 64, da kowane wasa mai bindiga, mai doro mai inci 14 zuwa 21 shi ne zaɓin da ya fi, kuma shi ya fi araha. Kafin a biya, a kunna shi a duba ko fari yana fitowa fari, ko rubutu a kusurwa yana karantuwa, ko akwai tabon launi, sannan a tabbatar yana da ramukan bidiyo a baya, domin hoton da ya bi ta ramin eriya shi ne mafi dushewa. Wanda ba shi da wurin ajiye akwati zai iya sayen na’urar ninka layi irin su RetroTINK ko OSSC, waɗanda ke mayar da tsohon saƙo zuwa HDMI ba tare da jinkirin a-zo-a-gani ba, sai dai suna da tsada. Ƙananan akwatunan juya saƙo masu araha sukan ƙara jinkiri su kuma ɓata hoton.

Ga PlayStation 2 da Wii, kowanne daga cikin biyun zai yi, amma mai doro ya ɗan fi. Daga PlayStation 3 zuwa sama kuwa shafaffe ne, da sharaɗi uku: a haɗa da wayar HDMI, a kunna Game Mode, a kashe zaɓin da ke ƙara santsin motsi. Mai PlayStation 5 da ke son cin moriyar sau 120 sai ya nemi talabijin mai ramin HDMI 2.1 wanda allonsa ke iya wannan sauri da gaske, domin wasu alƙaluman da ake bugawa a kwali na talla ne.

Magidancin da ke da tsohon akwati mai aiki a ɗakin ajiya, da tsohuwar na’ura a cikin kwali, yana da kayan da suka dace da juna, kuma ba ya buƙatar ƙara ko kwabo. Wanda ya sayi sabuwar na’ura kuma ya sanya kuɗin allon da zai nuna ta a cikin lissafinsa tun kafin ya bar kasuwa.